An yi maka baftisma, to daga ina zaka fara? Shawara ga sababbin masu bi na ƙasar Katsina

Wannan rubutun na yi shi ne domin 'yan'uwa sababbin masu bi na nan jiharmu, daga Funtua da Malumfashi da Ƙafur har cikin birni har Daura, da ma waɗanda aka haifa cikin ikilisiya suna ɗauke da suna Bulus ko Rifkatu tun suna goye amma sai yanzu abin ya shiga zuciyarsu da gaske. Kowa yasan ayar nan ta 2 Korantiyawa 5:17, in mutum yana cikin Almasihu sabuwar halitta ne. To amma ranar Litinin da safe in ka tashi, gidan nan dai shi ne, bashin nan yana nan, abokan nan suna jiranka bakin hanya, ta ina sabuwar halittar zata fito? Abin da nike so in bi da kai kenan, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa da ke nike.

Kafin komai ka zauna kayi lissafi. Ba ni na faɗa ba, Yesu da kanshi ya faɗa a Luka 14:28, yace wa zai tashi gini bai fara zama ya ƙidaya abin da zai ci mashi ba. Amma dan Allah kar ka rikita abu biyu, ceto kyauta ne, alherin Allah ne, Afisawa 2:8-9 ta gama magana, babu wahalar da zaka sha wadda zata zama kuɗin sayen shi. Abin da zaka rasa a hanya yana zuwa ne saboda ka riga ka samu, kuma kana bin wani wanda duniya bata karɓe shi da hannu biyu ba. Ka ɗauki takarda da biro, ko ka rubuta a waya, mi da mi ne cikin rayuwata ba zasu iya tafiya tare da Yesu ba? Kar ka rubuta zunubin maƙwabci, naka zaka rubuta, da sunan shi, in akwai kuɗin wani ka sa adadin. Sannan ka nemi mutum ɗaya, dattijon ikilisiya ko fasto, mace ta nemi uwa a zumuntar mata wadda bakinta ke riƙe magana, ku duba takardar tare.

Ga waɗanda suka fito gidajen da ake bori ko tsafi, da ma waɗanda ba daga can suka fito ba amma akwai abu a ƙugu, aikin farko shi ne layu da guru da kambu da ƙullin da aka binne a bakin ƙofa ko tsakar gona. A Afisa da mutane suka ba da gaskiya sai suka tattaro littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, aka yi ma kayan kuɗi ya kai azurfa 50,000, yana nan Ayyukan Manzanni 19:19, kaga ba ƙaramar dukiya suka sa ma wuta ba. Kai ma ka fito da naka, amma kar kayi kai kaɗai da dare cikin tsoro, ka kira dattawa a yi addu'a a ƙone. Naka kaɗai fa. Kar zafin sabon tuba ya ɗebe ka ka shiga ɗakin mahaifinka ka kwaso nashi, ba hurumin ka bane kuma wuta zaka kunna a gida wadda zata daɗe bata mutu ba. Sai ka shirya, ranar da yaro zai fara zazzaɓi bayan ƙonawar nan za a ce maka ai ga shi nan, iskokin gida sun yi fushi. Ka yi addu'a ka ɗauki yaro ka kai asibiti a gwada maleriya, shan magani ba rashin bangaskiya bane. Wani abu kuma da ke ci mani rai, sai kaga mutum ya ƙone laya yau, gobe ya tafi wajen wani mai kiran kanshi annabi ya sayo kwalbar mai da ruwan albarka da sitika ya rataya daidai inda layar take, yana jin in babu su wani abu zai same shi. Zuciyar bata tashi daga inda take ba kenan.

Yanzu mu shiga kasuwa, dan a nan ne mutanen gari zasu gane ko da gaske kake. Basu ganin ka a sujada, amma suna ganin tiyarka. In kana awo a Bakori ko Ɗandume ko wata kasuwar ƙauye kasan abin da nike nufi, tiya biyu, babba ta saye ƙarama ta sayarwa, ko wadda aka bubbuge gindinta, da yayyafa ma masara ruwa, da zuba mai kyau a bakin buhu ƙasa kuma tsakuwa da ƙaiƙayi. Karin Magana 11:1 tace ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ka aje tiya ɗaya, da ita zaka saya da ita zaka sayar. In wake ya fara huji ka faɗa ma mai saye ka rage mashi kuɗi. Ka kuma bar rantsuwa, Matiyu 5:37 tace i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a, in baka son faɗin yadda ka saro kaya kace bazan faɗa ba, ga dai yadda zan sayar, ya fi ka rantse akan ƙarya. Bazan ɓoye maka ba ribarka zata ragu, kuma abokan sana'a zasu ji haushinka dan kana tona masu asiri ko baka ce uffan ba. Wasu daga baya sukan samu kwastomomi saboda amana, wasu kuma haka suke ci gaba da ƙaramar riba har tsufa, ba wanda zai maka alkawarin wanne zaka samu.

Sai mayar da abin mutane, wanda shi ne ya fi nauyi. Zakiyus mai karɓar haraji a Yariko da Yesu ya shiga gidan shi, tashi yayi yace rabin dukiyata na ba matalauta, wanda na cuta kuma zan mayar mashi ninki huɗu, Luka 19:8. Ka fara da wanda ka fi jin kunyar haɗa ido da shi. Ka je da kanka, in abin babba ne ka tafi da dattijo, ka faɗi abin da kayi ba kwana-kwana, in baka da kuɗin duka ku yanka yadda zaka riƙa biya, wata-wata ko in kaka tayi. Iyakar gona da ka ci, akuyar kiwo da kace ta mutu alhali ka sayar, kuɗin adashe, kuɗin marayun ɗan'uwanka. In mai abin ya rasu magada suna nan. In kuma abu ne da zai iya kai ka hannun hukuma kar ka ruga, ka nemi shawarar fasto da wanda yasan doka tukuna.

Ma'aikaci kuma naka yana kan tebur, sa hannu akan aikin da ba a yi ba, sunayen bogi a takardar albashi, na goro kafin fayil ya motsa. Ba sai ka hau kujera kayi wa'azi ba, kace yallaɓai a yi mani haƙuri bazan iya sa hannu a wannan ba, shikenan. Ana iya mayar da kai inda babu ko sisi, ƙarin girma yana iya daɗewa. Ɗalibi, in an kawo satar amsa ranar WAEC ko NECO ka kife ta. Iyaye ku daina biyan kuɗin ta.

Wata matsala da masu sana'a ke kawowa ita ce kasuwar Lahadi, dan manyan kasuwanni irin su Mai'adua da Charanchi ranar suke ci. Ni dai abin da nike ba mutane shawara, ka fara duba ko akwai sujadar safe da zaka samu kafin ka fita, ko ka juya harkarka zuwa wasu ranakun kasuwa ko da samun bai kai ba. Abin da bazan yarda da shi ba shi ne mutum yayi wata da watanni ikilisiya bata ga ƙeyar shi ba yace ai Allah ya san zuciyata.

A gida, matarka ita ce zata fara ba da shaidar ko ka canza. In kana sha, burkutu ne ko ta kwalba ko ƙwaya, ka daina bi ta hanyar gidan, ka sake hanya ko da ta fi nisa, kuɗin kaka kar su kwana aljihunka, ka yarda wani ɗan'uwa ya riƙa tambayarka duk mako kana faɗa mashi gaskiya. Wanda abin ya kama jikin shi sosai ya je asibiti, ba abin kunya bane. Hannun da kake ɗagawa a waƙar yabo kar ya sauka jikin matarka, ko sau ɗaya. Ka zauna da ita kace na cuce ki a kaza da kaza ki yafe mani, nasan a wajen namiji Bahaushe wannan ya fi noman gona wuya, amma ka yi. Wanda ya tuba yana da mata fiye da ɗaya, dan Allah kar ka kori baiwar Allah da 'ya'yanta kace ai addini ne, ci da sha da suturarsu da makarantar yara suna wuyanka, 1 Timoti 5:8 bata ɗauke maka ba. Ikilisiyoyi sun bambanta kan yadda suke bi da wannan wajen baftisma da riƙon muƙami, ka zauna da shugabannin taka. Ke kuma da kika ba da gaskiya maigidanki bai bayar ba, 1 Korantiyawa 7:13 tace in ya yarda ya zauna da ke kar ki rabu da shi. Amma in ana dukan ki ko ranki yana cikin hatsari, ki fita ki nemi taimako, wannan ba gicciyen da aka ce ki ɗauka bane.

Mu zo kan iyaye da dangi, inda hawaye ya fi zuba. Wanda ya fito gidan Maguzawa sau da yawa abin da sauƙi, a yi ta gori dan ya ƙi cin naman yankan tsafi ko ya ƙi ba da gudummawar giyar biki, bayan shekaru a saba. Wanda ya fito gidan Musulmi nashi daban ne kuma bazan sassauta maka ba. Ana iya daina cin abinci da kai, ana iya karɓe jari, neman auren da kake yi yana iya lalacewa, gado kuma a shari'ar Musulunci wanda ba Musulmi ba baya gadon Musulmi, dan haka ka cire ranka tun yanzu kar ya zo maka ba zata. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin addini har da 'yancin sakewa, gaskiya ne, amma takarda bata kwana da kai a ɗaki. Yesu yace ku zama masu wayo kamar macizai marasa ɓarna kamar kurciyoyi, Matiyu 10:16. Kar ka yi musun Ubangijinka in an tambaye ka, amma ba dole ka hau Facebook ka sanar ma duniya ba, kuma masu ɗaukar hoton baftismar irin waɗannan 'yan'uwa suna watsawa a guruf-guruf na WhatsApp ku ji tsoron Allah ku daina, ran mutum kuke wasa da shi. In zaman ya zama hatsari ka tashi zuwa wani gari na ɗan lokaci, manzo Bulus ma a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu ya tsira.

Ka kuma sa a ranka iyayen nan ba maƙiyanka bane. Uwar da ke kuka tana kuka ne dan a ganinta ɗanta ya ɓata, ƙauna ce ke sa ta. Dokar girmama uwa da uba tana nan a Fitowa 20:12, baftisma bata goge ta ba. Ka ci gaba da durƙusawa kana gaida su, in sun ƙi amsawa ka koma, in sun hana ka shiga ka aika da hatsi da sabulu da kuɗin magani ta hannun wata gwaggo ko kawu mai sanyin rai, in an dawo da shi ka sake aikawa wani watan. Rashin lafiya, rasuwa, suna, in an bar ka ka je. Bakinka kuma kar ya taɓa zagin addinin su ko abin da suke girmamawa, ko a gaban su ko a bayan su ko a intanet. Bitrus yace ku ba da amsar begen da ke cikinku da tawali'u da ladabi, 1 Bitrus 3:15, kuma shi ne yace in an doke ku saboda laifin ku kuka jure wane abin yabo ne. Na faɗi haka ne dan akwai masu jawo ma kansu da ikilisiya duka fitina da rashin kunya da gardama a majalisa sannan su ce ana tsananta masu saboda Yesu. A'a. Wahalar da ke da lada ita ce wadda ta same ka kana yin abin kirki.

Kuma bin Yesu bai ce ka tuɓe Hausancinka ba. Nasan zafin tambayar nan, kai Bahaushe ne kuma Kirista, anya? Wasu ma sukan sha wuya wajen neman takardar shaidar ƙaramar hukuma saboda sunan su, alhali kakannin su a ƙasar nan aka binne cibiyar su. Kar wannan yasa ka koma gefe kana jin haushin kowa. Rigarka da hularka, kunya, kara, gaisuwar maƙwabta, duk ka riƙe. Ranar Sallah ka je kace barka da Sallah, ranar Kirsimeti a kai masu abinci, ka sa wanda zasu natsu da yankan shi ya yanka. Ai ba yau muka fara ba, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 ya fito, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma a 2023 da aka kafa dayosis na Katolika na Katsina ɗan Malumfashi aka naɗa bishop na farko, Gerald Mamman Musa. Waɗanda suka fara kawo aikin SIM, ƙungiyar mishan da ta haifi ECWA, su uku ne suka sauka Legas a 1893, cikin 1894 biyu suka rasu, Walter Gowans da Thomas Kent, basu ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Daga baya 'yan mishan ɗin suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga nan kusa da birni, su da ma'aikata 'yan ƙasa suna wanke gyambon da dangi ma ke gudu. Ta hannun irin waɗannan bisharar ta iso gidajenmu.

Gafara. A ƙasar da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Batsari, ba Musulmi ba Kirista kowa ya ɗanɗana, maganar yafiya ba wasa bace, akwai wanda ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa kuma aka kashe mashi mutum. Bazan ce maka ka manta ba, bazan ce kar ka kai rahoto ga hukuma ko kar a tsare gari ba. Abin da Romawa 12:19 ta karɓe daga hannunka shi ne ramuwa. Ka fara daga nan, kace Ubangiji na bar maka, ko da zuciyarka tana tafasa lokacin da kake faɗa. Gobe in abin ya taso ka sake faɗa, dan kamar ciyawar damina yake, noman farko baya isa sai an yi maimai. Kar kuma ka ɗora laifin ɓarayi akan kowane Bafulatani da ka gani a kasuwa, da yawan su su ma an kwashe masu shanu. In kuka ya zo ka yi, Zabura cike take da kuka.

Duk wannan ba da ƙarfin ka zaka yi ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kai dai kar ka bar kanka da yunwa. Ka fara da Markus, sura 16 ce, sura ɗaya kullum da asuba kafin ka buɗe data. Wanda bai iya karatu ba akwai na saurare da Hausa, a tura maka a memori. Da dare ka tara iyali ko minti goma ne, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, aya, addu'a. Ka shiga ƙungiya ɗaya ka tsaya a ciki, zumuntar mata ko ta maza ko matasa ko 'yan Sabon Rai masu fita wa'azi ko mawaƙa, inda in baka zo ba za a lura a biyo sawu. Baiko da zakka ka bayar daga abin da kake da shi, manomi ya fitar da damin shi lokacin godiyar kaka, amma duk wanda yace ka ci bashi ka shuka iri wai Allah zai ninka maka cikin mako ɗaya, ka riƙe kuɗinka ka biya ma yaro makaranta.

In ka faɗi, kuma ana faɗuwa, kar ka ɓuya. Abin da Shaiɗan ke so shi ne kunya ta hana ka zuwa sujada mako ɗaya, ya zama wata, ya zama shekara. Ka furta ma Allah a ranar, 1 Yahaya 1:9, ka kira mutumin nan da kuka duba takarda tare. In laifin ya kai ikilisiya ta sa ka horo ka karɓa, ka zauna bencin da aka ce ka zauna har lokacin ya cika, kar ka tsallaka wata majami'a inda ba a san ka ba.

Ku kuma da kuka daɗe cikin bangaskiya, Baba fasto, dattawa, iyayenmu mata, da ku nike yanzu. Yesu yayi alkawari a Markus 10:29-30 cewa wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko gonaki saboda shi zai samu ninki ɗari tun a wannan zamani, tare da tsanani, to gidajen nan da 'yan'uwan nan ta hannunmu zasu fito. Bai kamata mu yi guɗa ranar baftisma sannan yaro ya kwana a tasha ba. Kowace ikilisiya ta san tun yanzu gidan wa za a sauke wanda aka kora, a ware wani abu daga baiko dan wannan kaɗai, mai shagon ɗinki ko walda ko gyaran babur ya ɗauki ɗaya ya koya mashi, mai gona ya ba da aron ko kadada ɗaya. Yarinya a sa ta hannun uwa a zumuntar mata, kar a yi saurin aurar da ita dan a huta da nauyin ta. Ranar Kirsimeti da Ista a tabbatar akwai gidan da zai ci abinci, in bai da lafiya a samu mai kwana da shi a asibiti, in lokacin aure yayi dattijo ya tsaya mashi a matsayin uba ya je neman auren. A sa wannan cikin ajandar taron dattawa na wata mai zuwa, a rubuta sunan wanda zai ɗauki kowanne.